Ranar da Na Wanke Fitilar Motar Baba da Toka

Daminar da na dawo hutu daga makarantar 'yan mata ta Katsina, na tarar Baba ya sayi tsohuwar motar ɗaukar hatsi. Duk gidanmu a Dutsin-Ma ni kaɗai nake tsayawa kallon fitilunta. Tun da motar ta ratsa wani rafi a hanyar Kurfi raɓa ta kwanta cikin gilashin ta dama, ƙananan ɗigo jere-jere, in rana ta haske su sai ka ce duwatsun wuya. Ni kyau nake gani. Direban Baba kuwa, wani dattijo mai barkwanci, ya ce robar gefen ce ta tsufa, kuma haske ba ya fita sosai.

Ana gobe kasuwar Kurfi direban ya kwance fitilar. Ya raba gilashin da kwanon da ke bayansa, mai sheƙi kamar madubi, ya jera su bisa tabarma a tsakar gida su sha rana. In sun bushe zai mayar ya liƙe gefen, don da asuba za su tashi da buhunan gero su riski masu saye daga Maraɗi, hanya kuma duk ramuka da taɓo. Shi da Baba suka tafi sallar azahar.

Na leƙa kwanon, na ga ruwan ya bar masa tabo. A gidanmu duk abin da ake so ya yi sheƙi toka da tsamiya ake sa masa, haka muke wanke tasoshin Inna. Na ɗebo toka a murhu, na jiƙa, na zauna ina gogawa da tsumma har da 'yar waƙata.

Da na ɗauraye sai na ga babu madubi. Ƙarfe ne kawai dusu-dusu, sheƙin duk ya koma jikin tsummana. Na sake ɗaurayewa.

Inna ta fito daga ɗaki, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Ke, wa ya aike ki?"

Sai ga sallamar Baba da direba. Direba ya ɗauki kwanon, ya ɗaga shi sama, bakinsa a buɗe.

"Alhaji, wannan kam sai Kano. Ko Katsina ba a samu." Ya dube ni. "Malama, a makarantar taku ba a gaya muku mota ba tasa ba ce?"

Baba ya karɓa, ya shafa cikinsa da ɗan yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Uwata, da toka?"

"Da toka, Baba."

Da fitila ɗaya direba ya ce ba ya shiga wannan hanya a duhu, don haka sai da gari ya waye sarai suka tashi. Kafin su isa Kurfi mutanen Maraɗi sun gama awo sun yi lodi. Da la'asar ina laɓe a zaure motar ta dawo da fiye da rabin kayanta. Baba da kansa ya cire babbar riga, ya kama ana sauke buhunan ana mayar da su ɗaki.