Fitsarin da na ba su ba nawa ba ne

Assalamu alaikum. Rabi ce, ƙanwar mai wannan shafin. Yaya Hadiza ce ta ara min wayarta. Ƙawayena da muka gama firamare tare, kun daɗe kuna tambayarta me ya sa na daina fita. Yau zan faɗa, har da abin da ita ma ba ta sani ba sai ta karanta.

Kun tuna muna aji shida, da masu bincike suka zo makarantarmu a farar mota suka raba mana ƙananan kwalabe? Fitsarin da na ba su ba nawa ba ne.

Lokacin na kai wata uku ina ganin jini a ƙarshen fitsarina. Na gaya wa Inna, ta ce girma ne ya zo min da wuri. Ta ba ni tsumma, ta ce ba a faɗa wa kowa. Ban sake gaya wa kowa ba.

A gindin darbejiya suka kafa teburinsu. Kwalaben garau suke, ana ganin abin da ke ciki. Layi ɗaya aka yi, maza da mata, kowa riƙe da tasa. Maza murna suke yi, don a garinmu in yaro ya fara fitsarin jini cewa ake ya zama namiji.

"Kai Sale, wannan ai zoɓo ne! A kawo ƙanƙara!"

"Gara ni. Kai naka fari fat, jariri kawai!"

Na duba tawa a bayan aji. Ta fi ta Sale ja. Na zubar, na ɗauraye kwalbar, na roƙi wata ƙawata ta cika min. Ba zan faɗi sunanta ba, tausayina ta ji.

Bayan sati biyu suka dawo da takarda. Duk wanda aka kira sai a auna tsawonsa a jikin sanda a ba shi ƙwayoyi. Ba a kira ni ba. Malam ya ce, "Ku da babu sunanku, lafiyarku ƙalau, ku gode wa Allah."

Motar ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Ni kuma na ci gaba da kai wankin gida bakin dam, ruwa har gwiwa, kamar kullum.

Shekara biyu na yi a haka. Fitsari ya koma min kamar barkono. Marata ba ta daina ciwo. Na rame, in na miƙe sai jiri. Da al'adar gaskiya ta zo ne na gane abu biyu ne daban, amma da wane baki zan koma wajen Inna?

Wata rana Gwaggo Lami, yayar Baba da ke zaune a gidanmu, ta ji ina kuka a banɗaki. A tsakar gida ta faɗa, gaban maƙwabta.

"Yarinyar da ke kukan fitsari, a tambaye ta inda take zuwa. Wannan ciwon ba a tsintarsa a ƙasa."

Daga ranar aka hana ni zuwa Islamiyya. Wanki kam ba a hana ni ba. Maganar Gwaggo ta fi min ciwon zafi.

Sai da na faɗi a bakin dam da kwanon wanki a kaina Baba ya ɗauke ni a mashin zuwa asibiti a Kazaure. Tun safe muke kan benci. Kati, gwajin jini, gwajin fitsari, hoton mara. Akuyar Inna aka sayar aka biya. Da nas ta miƙo min kwalba sai na waiga ina duban mutanen da ke kan benci. Ta ce, "'Yata, naɗe a gyalenki ki kawo, ni kaɗai zan gani."

Likita ya ce tsargiya ce. Wata ƙaramar tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi, ta shiga ta fata in mutum ya tsaya a ruwa. Ya ce mafitsarata ta yi rauni, jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Ya juya wajen Baba.

"Malam, ruwa ne ya yi mata wannan, ba mutum ba. Da an kawo ta da wuri, rana ɗaya ta isa."

Baba ya sunkuyar da kai.

Ƙwayoyin manya ne, ga ɗaci. Sai an ci abinci ake sha. Ranar na wuni ina amai, amma cikin sati uku jinin ya ɗauke. Na yi wata uku ina shan maganin ƙarin jini. Da muka koma gwaji aka ce babu sauran ƙwai.

Na san ni na yi ƙarya. Amma shekarata goma sha biyu lokacin. Da sun sa mace ɗaya a cikin aji ta karɓi na 'yan mata, da ban zubar ba. Sun samu abin da suka zo nema sun rubuta. A takardarsu har yau ni mai lafiya ce.

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗuna. Na gode wa Yaya Hadiza da ta riƙe ni a ɗakinta, da nas ɗin da ban san sunanta ba.

'Yan'uwana mata, jinin da ke zuwa a ƙarshen fitsari ba al'ada ba ne. Ku je asibiti. In an zo gwaji ku ba da naku, ko ya kai me ja. Iyaye, kafin ku zargi yarinya, ku kai ta a duba. Kuma likita ya ce ciwon yana dawowa in an koma ruwan.

Gwaggo ba ta ba ni haƙuri ba. Ta ce dama ita ba wani abu take nufi ba. Ina gaishe ta kullum da safe, har ƙasa.

Shekaranjiya ta ajiye min ƙullin wankinta a ƙofar ɗaki, ta ce tunda na warke sai a koma dam. Ban yi mata musu ba. Ƙullin yana nan inda ta ajiye shi.