Jaridar Gobe a Aljihun Hamma Buba

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba. 'Ya'yansa sun roƙe ni in rubuta wani abu a kansa, tun da ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka san shi da ƙuruciya. Na ce su nemi wani, suka nace. To ga shi, kada kuma wanda ya zo mini da ƙorafi.

Duk wanda ya zauna Jimeta zamanin da Maiduguri ce hedikwatarmu, ya san Hamma da wasan cike gidaje na jaridar Turanci. Zane ne mai ƙananan gidaje baƙi da fari, a jero maka tambayoyi, ka cika amsoshin harafi-harafi, wasu a kwance wasu a tsaye. Na jaridar da yake saye kullum da jigonsa, yau tsuntsaye, gobe koguna. Hamma akawu ne a Yola. In ya taso aiki sai a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gida, ya zaro alƙalamin tawada, don shi ya wuce fensir, kafin shayinsa ya huce ya cike gidajen tas. Daga nan sai sharhi. Wannan tambaya ta yara ce, mai tsara waccan bai iya Turanci ba, jigon yau ragwanci ne tsantsa. Malaman makaranta na zaune suna ta gyaɗa masa kai kamar ƙadangaru.

Ni kuwa na gama makaranta, na sami gurbin kwas na malanta a Maiduguri, har na ɗinka sabuwar riga. Babanmu mai sayar da yadi ne, bai yi boko ba, duk abin da ya shafi takarda Hamma ke yanke hukunci. Hamma ya ce a fara gwada ni. Ya miƙo mini jarida a gaban Baba, jigon ranar furannin Ingila. Ni da ban taɓa wuce Numan ba. Na yi awa guda ina gumi, na cika huɗu, biyu ma ba daidai ba. Ya karɓa ya gama a 'yan mintoci.

"Baba, ka gani da ido naka," in ji shi. "Kai nashi bai ɗauki boko ba. A bar shi a shago."

Aka bar ni a shago. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina auna yadi.

Bayan damina biyu zazzaɓi ya kwantar da shi, na je tasha karɓo masa jarida. Mai jarida ya miƙo mini uku a ɗaure, ta Litinin, ta Talata, ta Laraba. Ya ce hanya ta ɓaci, kuma ai ko da rani ba sa zuwa ɗai-ɗai. Hamma bai taɓa fito da fiye da ɗaya a ƙofar gida ba. Na buɗe ta Talata, ga amsoshin Litinin a ƙasan shafi, a jere. Ashe kullum tsohuwar yake fitarwa, sabuwar na aljihun babbar riga, ya riga ya haddace abin da ke cikinta tun a ofis. Jarida a Jimeta dama da tsufanta take isowa, wa zai duba kwanan wata?

Na ɓoye biyu, na kai masa ta Laraba kaɗai, wadda amsarta ba ta iso garin ba. Na nemi wuri na zauna ina kallonsa. Shayi ya huce, aka kawo wani. Ya cika uku. Sai ya jefar da jaridar, ya ce mai tsara wasan ya sha wani abu, jigon bai tsaru ba, shi ba zai ɓata tawadarsa ba. Malamai suka gyaɗa kai.

Da yamma na sami Baba a shago na zayyana masa komai. Bai ko ɗago daga yadin da yake ninkewa ba.

"Hamma naka ne, yayanka ne," ya ce. "Kar in ji magana nan a waje."

Ban fitar da ita ba sai yau. Shi kuwa Hamma ya gane na gane, amma har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa kira na gefe ya ce mini uffan ba. Wannan shirun ya fi mini ciwo a kan Maiduguri, kuma har yanzu ina jin haushinsa.

Jikokinsa a unguwar Damilu suna yin wasan a waya. In ya gagare su, akwai wurin da za su taɓa amsa ta fito. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Na san zai ce yaran yanzu ragwaye ne, an lalata wasan. A ransa kuwa baƙin ciki ne zai kashe shi, domin abin da ya ɓoye a aljihu shekara da shekaru ga shi a hannun kowa.

Ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya riƙe marayun ƙanwarmu har suka girma, kuma bai taɓa ɗaga wa iyalinsa hannu ba. Wannan nasu ne, su riƙe. Ina sa shi a addu'a domin ɗan'uwana ne, Allah ya jiƙansa. Amma abin da ya bar mini daban ne. Har gobe ina yin wasan da fensir, in na rasa amsa in bar gidan fari in kwana da shi. Na kuma bi ƙamus shekara da shekaru na haddace sunayen furannin nan na Ingila kaf, ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Kafin in gama Baba ya rasu, ba wanda zan nuna wa.