Hayaƙi Ba Wuta a Fadamar Auyo

Muna idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da wani abokin aikina da muke kantin magani tare. Ba yawon buɗe ido ya fitar da mu ba. Goggona ce ta kwanta a wani ƙauye bayan Auyo, kuma wanda ya bugo mini waya ya ce ba ciwon asibiti ba ne, mutanen ruwa ne suka taɓa ta.

Hanyar Ringim lafiya lau, sai daga Gujungu ramuka suka fara gaishe mu. A Haɗeja muka karya da shinkafa da miyar tarwaɗa. Mai abincin ta rantse da safen nan kifin ya fito daga kogi, abokina ya ce lallai a ƙafa ya tako. 'Yan acaɓa suka nunka mana kuɗi, wai ruwa ya cinye hanya. Ba su yi ƙarya ba. Inda babur ya tsaya, kwalekwale ya karɓe mu.

Damina ta ja baya, amma ruwa bai koma ba. Gonakin shinkafa sun nutse, sai kawunan zangarniya. Muka shiga wani lungu tsakanin kacalla, ciyawar nan da ta fi mutum tsayi, nan take ko'ina ya yi tsit. Ba tsuntsu, ba kwaɗo, sai ƙarar gora a cikin ruwa. Dattijon da ke tuƙa mu ya rage murya, ya ce a nan ake ganin abin: farin hayaƙi yana tashi da rana tsaka, ba wuta ba toka, sai ƙamshin mangwaro, alhali ba lokacinsa ba ne, kuma ko bishiyarsa babu a wajen. Na yi dariya. Ba mu yi nisa ba ƙamshin ya buge ni, tsigar jikina ta tashi.

Na tarar da Goggo kan tabarma, gumi ya jiƙa ta, yawu na zuba, hannu na rawa. Na kama wuyan hannunta, jijiya na harbawa kamar ta wanda ya sha gudu. Kwana huɗu ke nan tana amai. An yi tofi, an yi turare, abin sai gaba. Da na sunkuya kusa da bakinta, sai ga ƙamshin nan na cikin kacalla. Matan da ke ɗakin suka ga fuskata, suka ja da baya.

Na ce, "Goggo, me kike sha?"

Ta ce, "Ba na shan komai, ɗan nan, sai maganin haƙorin Habu."

Ta zaro wata 'yar kwalbar roba daga ƙarƙashin matashi. Hoton mangwaro, rubutun wata ƙasa, da lamba hamsin. Ba lambar rajista, ba sunan kamfani, murfin ko jariri zai buɗe. Ruwan sigarin lantarki ne.

Bari in yi muku bayani a taƙaice. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yadda yake yana kartar maƙogwaro har mai sha ya yi tari ya dakata. Masu haɗa wannan ruwa sai su zuba masa wani asid, ya koma abin da ake kira gishirin nikotin. Ƙarfin yana nan, kaifin ne ya tafi, don haka ake iya cika shi da yawa ya wuce sumul. Hamsin ɗin nan miligiram hamsin ke nan a kowane mililita. A ƙasashen Turai da dama doka ta tsaya a ashirin, kuma dole murfin ya gagari yara. Ruwan yana ratsa fata, balle dasashi. Goggo kuwa jiƙa auduga take yi da shi, ta cusa a kogon haƙori safe da yamma.

Habu ɗanta ne, magidanci, bara ya dawo daga Legas ya kama sana'ar kamun kifi. Na ja shi bayan rumbu na nuna masa kwalbar, sai ya zauna a ƙasa. Ya fito da abin zuƙar daga aljihu, kamar alƙalami. Kunyar mutanen gari ke kai shi cikin kacalla ya sha. Ranar da uwar ta tsinci kwalbar a rigarsa, ya ce mata maganin haƙori ne.

Ya ce, "Yaya, bakina ne ya kasa cewa taba ce. Da na neme ta na rasa, na zaci a ruwa ta faɗa."

Shi ya ɗauki uwar a bayansa har bakin ruwa, shi ya tuƙa kwalekwalen. A asibiti a Haɗeja aka saka mata ruwa. Washegari da la'asar ta tashi tana neman fura, tana faɗa wai an bar mata kaji da yunwa.

Kafin mu juyo na leƙa shagon da Habu ke saye, na kayan waya ne. Ga kwalaben a jere kusa da caja. Na tambayi mai shagon ko wata hukuma ta taɓa duba su. Ya ce, "Alhaji, ba wanda ya taɓa tambaya. Kwali guda na kawo, ga shi ya kusa ƙarewa, masunta ne suka fi saye."

Mun iso Kano rana ta uku, ana kiran magariba. Da safe na rubuta ƙorafi na kai hukumar da abin ya shafa, haɗe da kwalbar Goggo. Shekara goma ina sayar da magani, ina gargaɗin mutane kan abu mai ɗaci, sai wannan tafiya ta koya mini cewa gubar da aka cire wa ɗaci ta fi ban tsoro. Kwalba ɗaya kawai na karɓo. Sauran suna can a ƙauyukan da ruwa ya raba da asibiti.