Manaja da Ƙodar Auta

Shagon Mai Agogo bai fi a shimfiɗa tabarma biyu a cikinsa ba. Ɗaki ne a gaban gidansa, da taga ɗaya mai kallon titi, da tebur da ya sha mai har ya yi baƙi, sai agogunan bango goma sha ɗaya da bakinsu bai taɓa zuwa ɗaya a kan ƙarfe nawa ba. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fara riƙe hantsaki, yanzu ya ba sittin baya, hannunsa bai fara rawa ba. Da wayar hannu ta zo, abokan sana'arsa duk suka watse, shi ya zauna. Yakan ce mutane sun daina tambayar agogo lokaci, amma ba su daina son agogon da ubansu ya bari ba.

Shekara tara ke nan da rasuwar matarsa. 'Ya'yansa biyu suna aiki a garuruwa masu nisa, sai dai waya. A daminar da ta biyo bayan rasuwar, wata mage mai ruwan toka ta shigo ta taga a jiƙe, ta haye kujerar da masu kawo gyara ke zama, ta ƙi sauka. Ya sa mata suna Manaja, domin ba ta aikin komai sai kallon mai yi.

Suna da tsarinsu. In ya gama agogo ya rufe bayansa, sai ya cusa yatsu ƙarƙashin ƙyallen tebur yana motsa su, ita kuma ta laɓe, ta kaɗa gindi, ta dira a kai. Bayan hannunsa kullum da zanen farcenta. Da yamma ya biya wurin mahauci ya karɓo mata guntun ɗanyen nama. Ɓeran da ya yi gangancin shiga gidan kuwa, da safe za a tarar da shi a bakin ƙofa an ajiye wa maigida.

Sai ƙodar Mai Agogo ta gaza. Shekara biyu yana zuwa wankin ƙoda a asibiti, sau uku a mako, har likitoci suka ce sai dashe. Aka gwada dangi, aka samu wadda ta dace a jikin ƙanwarsa, autar ɗakinsu, malamar makarantar firamare mai shekara hamsin da biyu, wadda har yau Auta yake ce mata. Ba ta tsaya shawara da kowa ba.

"Biyu gare ni, Yaya," ta ce. "Ɗayar ma zaman banza take yi."

Auta ba ta tsoron shugaban makaranta, ba ta tsoron wuƙar likita, amma tun tana ƙarama in ta ga mage sai ta ɗage ƙafafu sama. Duk zuwanta shagon, daga bakin ƙofa take gaisuwa.

Aikin dashen ya yi kyau. Ita aka fara sallama. Kafin a sallame shi aka ba su takarda mai bayanin magungunan da zai sha iya rayuwarsa don kada jiki ya ƙi baƙuwar ƙoda. Magungunan suna rage ƙarfin garkuwar jiki, ciwon da wani zai yi kwana biyu ya warke, shi yana iya kwantar da shi. Auta ta karanta takardar da jan biro kamar jarrabawar ɗalibi. Da ta zo layin da ya ce a kiyayi kashin dabbobi da yakushinsu, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Washegari ta sa mai wankin da ke tsallaken titi ya zo ya ɗauke Manaja zuwa shagonsa.

Ranar da Mai Agogo ya dawo, ya tarar da gida tas, yana ƙamshin sabulu. Ya dubi kujera. Ya dubi ƙarƙashin tebur.

"Tana wurin mai wanki," in ji Auta. "Ba a yar da ita ba, ba a dake ta ba. Amma ni ban kwanta an tsaga min ciki don mage ta ɓata min aiki ba. Wannan ƙodar tawa ce, aro na ba ka."

Me mutum zai ce wa wadda ƙodarta ke aiki a cikinsa? Ya ce, "To, Auta. Allah ya saka."

Ya sha magani a kan lokaci, ya ci abin da aka ba shi, ko da yake rabi yake bari. Amma yawancin yini a bakin taga yake, yana kallon tsallaken titi, inda Manaja ke zaune a kan ƙullin kayan wanki tana kallonsa ita ma. Sau biyu ta ƙetaro, sau biyu mai wanki ya biyo ta da kwando. Agogunan bango kuwa, da yake sai an murɗa musu makulli suke tafiya, suka riƙa tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Bai taɓa su ba.

Shirun ne ya fara damun Auta. Ta shigo wata safiya da kwanon abinci, ta tsaya tsakiyar shagon tana saurare. Tun tana yarinya ba ta taɓa jin ɗakin yayanta babu ƙas-ƙas ba. Ta dube shi, ta dubi tsallaken titi, ta ajiye masa kwanon.

Ranar komawa asibiti, suna zaune a benci suna jiran layi, ta ciro waya ta miƙa masa. Hoton 'yar kyanwa ce fara sol, ba ta fi tafin hannu ba, a cikin kwali.

"Wata abokiyar aikina ce magenta ta haihu. Sati shida gare ta. Sabuwa ce fil, ba ta taɓa taka titi ba, ba ta san ɓera ba. Na sa an yi mata wanka har sau biyu. Tana gidana a ɗakin ajiya, na kulle. In dai mage kake so, ga mai tsabta."

Mai Agogo ya daɗe yana kallon hoton. Ya san abin da ajiye kwalin nan a gidanta ya ci mata. "Kyakkyawa ce," ya ce, ya miƙa mata wayar.

Nas ɗin da ke duba masu dashe mace ce gajera mai yawan dariya. Ta auna shi, ta duba littafinsa, ta ɗaga kai. "Baba, ka rame. Abincin ne ba daɗi, ko mai dafawar ce za mu kira?"

"Mai dafawar tana nan," in ji Auta. "Kewar mage ce ke cinsa. Amma na yi maganin abin." Ta ba da labari tun daga jan biro har zuwa kwali, ta nuna hoton, ta gyara zama tana jiran yabo.

Nas ta kalli hoton, ta danne dariya da bayan hannu. "Malama, kin yi ƙoƙari, amma kin kori mai sauƙin kin kawo mai wuyar."

"Kamar yaya? Wannan fa ko ƙura babu a jikinta."

"Ba a gashi abin yake ba. Ƙananan nan da ba su kai shekara ba sun fi ɗaukar ƙwayoyin cutar da muke gudu, ga cizo ga yakushi, komai wasa ne a wurinsu. Ita tsohuwar shekararta nawa?"

"Tara a wurina," in ji Mai Agogo. Karon farko ke nan da ya ɗago.

"To ai dattijuwa ce. A fara kai ta wurin likitan dabbobi ya duba ta, ya ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki. In ya ce lafiyarta lau, ni ban ga abin da zai hana ta dawowa ba. Amma da sharaɗi, Baba. Tana fita waje?"

"Kamar ɗan sanda."

"Ta daina. Farautar ɓera?"

"Gwana ce."

"Ta yi ritaya. Ɗanyen nama kuma ko ƙamshinsa, sai dafaffe ko na gwangwani. Miƙo hannunka." Ta juya bayan hannunsa, ta ga tsofaffin zane. "Wannan wasan ya ƙare. Kada ta lashi fuskarka ko wani rauni, kada ta hau inda kake cin abinci. Ka shafa ta yadda kake so, ka tashi ka wanke hannu da sabulu. In tsautsayi ya sa ta yakushe ka, ka wanke nan take, ka kira mu. In ta cije ka, ko ka ji zazzaɓi, ba jira, ka taho."

Yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibin da aka ce gobe hutu.

"Saura babban," in ji nas. "Tunda ba za ta fita ba, sai an ajiye mata tire da yashi inda za ta riƙa yin kashi, nesa da kicin. Kullum a kwashe, kada ya kwana biyu, domin in ya jima ne abin da ke ciki yake zama haɗari. Kuma ba kai za ka kwashe ba. Wa ke gidan?"

Babu kowa a gidan, duk su ukun sun sani. Mai wanki mutumin kirki ne, amma ba a ce wa maƙwabci ya riƙa zuwa kullum kwasar kashin mage.

Mai Agogo ya sauke kai, ya ja hannun rigarsa ya rufe zanen. "A bar shi kawai, 'yata. Tana jin daɗin wurin mai wanki. Ina ganinta ta taga."

Auta ta zuba wa bango ido. Ta buɗe jaka, ta rufe. Ta ja dogon numfashi irin wanda take ja kafin ta shiga ajin 'yan shekara shida.

"Safar hannun nan da kuke sawa," ta ce wa nas, "akwai mai kauri? Mai kaiwa gwiwar hannu?"

"Auta, kin ba ni ƙoda. Ya isa."

"Ka yi min shiru, Yaya. Ba don kai ba ne. Na ba da kayana a ajiye a gidan da ba a cin abinci, ba a dariya? Gadin ƙodata zan yi."

Sati guda aka yi ana shiri. Likitan dabbobi ya duba Manaja, ya rage mata farce, ya ce ta fi maigidanta lafiya. Kafinta ya buga raga a taga, ya ƙara ƙofar raga a shago, aka toshe ramukan ɓera. Ranar da mai wanki ya ƙetaro da kwando, Manaja ta fito, ta wuce maigidanta kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta haye kujerarta ta juya masa baya. Sai da ta hukunta shi na rabin yini, sannan ta sauko ta goga kai a ƙafarsa. Ya shafa ta, ya shafa, ya tashi ya wanke hannu, ya dawo ya sake shafawa, ya sake tashi. A ranar sabulu ya ga ta kansa. Kafin la'asar ya bi agogunan nan goma sha ɗaya ya murɗa musu makulli.

Kwanakin farko Manaja ta yi ta kuka a bakin raga, tana kallon titin da aka raba ta da shi. Mai Agogo ya samo siririyar sanda, ya ɗaura zare, ya rataya tsohuwar fatar agogon hannu a bakinsa. Yanzu in ya gama aiki ya rufe bayan agogo, sandar yake ɗauka, fatar ta sha yakushi, hannunsa ya huta. Babban agogon kusurwa ya saita shi daidai, shi kaɗai, saboda magani: takwas na safe, takwas na yamma. Da yake a lokacin yake zuba wa Manaja abinci, ko minti bai isa ya makara ba. Agogo na bugawa za ta zo ta tsaya a gabansa tana masa faɗa.

Auta kan iso bakwai da kwata, kafin ta wuce makaranta. Takan sa safar hannu har gwiwa, ta ɗaura takunkumi, ta riƙe ƙaramin cokalin kwasa kamar mai shiga yaƙi. Watan farko sai an rufe Manaja a shago take shiga. Wata na biyu ta ce a bar ta, in dai ba za ta matso ba.

'Yar farar kyanwar kuwa, abokiyar aikin ta ƙi karɓa, ta ce kyauta ba ta komawa. Auta ta ce za ta riƙe ta kwana biyu kafin a samu mai so. An shiga wata na biyar. Kyanwar ta fito daga ɗakin ajiya, ta koma falo, kuma an ji Auta a waya tana tambayar likitan dabbobi ranar allura. Ba ta yarda ta kawo ta gidan yayanta ba, sai ta cika shekara, kamar yadda nas ta ce.

Jiya da safe Mai Agogo yana zaune da gilashi a ido, ya jiyo muryar ƙanwarsa daga bayan gida, ƙasa-ƙasa.

"Matsa, Hajiya. Kin ci, kin sha, an kwashe miki, ko sannu babu. Matsa mana in wuce."

"Da wa kike magana, Auta?"

"Da kai. Ka sha maganinka?"

"Takwas ba ta yi ba."

"To ka zauna kusa da shi."

Ta fito tana cire safa, da gashin toka manne a gefen zanenta, daidai inda mage ke goga kai. Ya gani. Ya mayar da ido kan agogon da ke hannunsa, yana murmushi.