Kuɓewar da ta ci haƙorin Sani

'Yan'uwa, yau saura kaɗan in ja a kora ƙanena Sani gida saboda kuɓewa.

Shi ya kai ni kasuwar kayan miya a nan Madina, wajen wani ɗan Bangaladash. Na ɗauki kuɓewa na karya bakinta in ji ko ɗanya ce, yadda muke yi a Kano. Ina karya ta biyu mutumin ya buge min hannu, ya ce, "Haram, Hajja!"

Kafin in ba shi haƙuri Sani ya shaƙe shi. Mutumin kuma ya rarumi farantin sikeli ya maka wa Sani a baki. Jini har kan tumatir. Ina ta cewa, "Sani, iƙamarka, takardar zamanka, za su kore ka! A Madina fa muke!" Bai ko waiwayo ba. Wani ya ɗaga waya zai kira 'yan sanda.

Sai wani tsoho Balarabe ya ratsa tsakaninsu, ya ce, "Ku yi wa Annabi salati."

Wa zai ƙi? Suna haki suka yi, suka saki juna. Mai wayar ya mayar da ita aljihu.

Mai kuɓewar ya miƙo min karyayyun biyun. "Tafi da su, Hajja, ba mai saya."

Suna cikin jakata, tare da haƙorin Sani.