Inna Tela da Tsummokaran Bishara

Duk wanda ya taɓa kai wa Inna Tela gyaran kaya ya san ba a kai mata tufa da dauɗa. Sai ta ɗaga wandon da yatsa biyu, ta kawar da kai, ta ce, "Je ka wanke, ka shanya, sannan mu yi magana." Ko kai wane ne. Shagonta ɗan tsukukun ɗaki ne a bakin hanyar tashar mota, keken ɗinki ɗaya, benci ɗaya, da madubin da ya tsage ta gefe, amma ko zare ba za ka tsinta a ƙasa ba. Aikinta faci, sa zif, rage ƙugu, juya kwala. Da shi ta riƙe 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta, wanda direban babbar mota ne.

A cocin Baftis ɗin unguwarsu ta buɗi ido. Mahaifinta ne ke kaɗa ƙararrawa yana share harabar har ya tsufa. Nan aka yi mata baftisma, nan aka ɗaura mata aure, nan aka yi wa mijinta sujadar jana'iza. Tun tana budurwa take cikin ƙungiyar mawaƙa. A wancan zamani, in ka makara ranar Lahadi, sai dai ka tsaya ta taga. Yanzu kuwa bencinan gaba kaɗai ke samun mazauna, na baya sai yanar gizo-gizo. Tsofaffi sun mutu, masu hali sun tashi zuwa sababbin unguwanni, sai dai su zo da mota su koma. Matasa, har da 'yar Inna Tela ta fari, sun bi manyan cocinan da ake jin kiɗansu tun daga bakin titi. Gidajen da ke kewaye da cocin sun zama ɗakunan haya, cike da 'yan dako da masu shara da masu wankin mota, waɗanda ba su taɓa sa ƙafa a harabar ba.

Da aka kawo sabon fasto, wani siririn matashi mai yawan share gumi, abin da ya fara yi shi ne kafa kwamitin farfaɗo da ikilisiya. Aka ba ƙanin Inna Tela shugabanci. Duk coci na kiransa Dikon, sunan muƙaminsa na dattijon coci, yana da babban shagon kayan gini da tumbin da ya dace da shi, amma ita har gobe Auta take ce masa, don a hannunta ya girma bayan mahaifiyarsu ta kwanta ciwo.

"Mun daɗe muna jiran mutane su zo," in ji Dikon a zaman farko. "Yanzu mu za mu je musu."

Aka yanke shawara kowa ya kawo tufafin da ba ya bukata, a raba wa mutanen unguwa, a gayyace su sujada. Aka ɗora wa Inna Tela aikin tantancewa da gyara. Ta yi murna, har ga Allah. Ta ce ko ba komai allurarta za ta yi wa gidan Ubangiji amfani.

Murnar ba ta wuce buhun farko ba. A ɗakin makarantar Lahadi aka jibge kayan, ita da wasu tsofaffi biyu na zumuntar mata suka zauna kwancewa. Tana buɗe bakin buhun, wani tsami ya daki hancinta, sai da ta ja da baya. Singileti da hammata ta yi rawaya ta ƙandare. Wando da gindi ya yage har gwiwa. Takalmi wari guda. Labulen da ɓera ya yi wa kaca-kaca. Rigar jariri da tumbuɗi ya bushe a ƙirjinta. Da ta zaro ɗan kamfan wani ƙato, ba a ko ɗauraye shi ba, sai ta wurgar, ta fita waje ta tofar da yawu.

"Ke kuwa," in ji ɗaya tsohuwar tana dariya, "ai sun ce na mabukata ne."

"Mabukatan ba su da hanci ne?" Inna Tela ta ɗaure fuskarta da hankici. "Wannan ba kyauta ba ce. Shara ce suka rasa mai kwashe musu, suka kawo wa Yesu."

Fiye da rabi ta sa aka ƙone a bayan coci. Sauran ta kwasa zuwa gida, ta jiƙa, ta wanke har fatar yatsunta ta saɓule, ta rufe shago ta zauna faci da sa maɓalli. A cikin tarkacen akwai 'yan abubuwan kirki. Wadda ta fi duka wata koriyar riga ce mai leshi a wuya, zif kaɗai ya lalace, daga jakar matar Auta ta fito. Inna Tela ta sa mata sabon zif, ta goge, ta ce a ranta ashe surukar tata tana da hali, ita ce ba ta lura ba.

Tun tana gugar ta san wa za ta ba. Akwai wata doguwar mata mai share tashar mota, ba ta da yawan magana, kullum da safe sai ta tsaya bakin shago da tsintsiya a hammata ta ce, "Inna, an tashi lafiya?" sannan ta wuce. Kowa Mai Shara yake ce mata.

Ranar rabo aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika. 'Yan kwamiti suka zauna a inuwa, mutanen unguwa suka yi layi a rana. Dikon ya yi jawabi, sakatare ya yi, ma'aji ma ya ce ba za a bar shi a baya ba. Kowa ya karɓi ƙunshinsa sai an tsayar da shi ya ɗaga shi sama an ɗauki hoto. Inna Tela ta kawar da kai. Ta ja Mai Shara gefe, ta danƙa mata rigar a leda.

"Ki zo ranar Lahadi, kin ji? Kusa da ni za ki zauna."

"Inna, irin mu ana barinmu?"

"Gidan uban wani ne? Ki zo kawai."

Ranar Lahadi suka zo kuwa, fiye da yadda aka zata. 'Yan dako, masu wankin mota, mata da 'ya'yansu, kowa ya yi wanka ya sa abin da aka ba shi. Masu tarbar baƙi suka riƙa nuna musu bencinan baya, ga na tsakiya fayau ba kowa. Inna Tela na kallo matan ikilisiya suka ɗauke jakunkunansu daga gefe suka rungume a cinya. Wata ta zaro turare ta fesa a iska, wai zafi ake yi. Ran nan Inna Tela ba ta hau wurin mawaƙa ba. Ta tsaya a ƙofa har Mai Shara ta iso, ta kama hannunta ta kai ta benci na biyu. Rigar ta zauna mata ɗas, kamar don ita aka yanka.

Bayan wa'azi aka ba matar Dikon makirufo ta yi godiya a madadin mata. Tana cikin magana idonta ya faɗa kan benci na biyu. Sai ta dafe ƙirji.

"Kai, jama'a! Ga rigata can! 'Yar'uwa, tashi mana a gan ki. Tashi, kada ki ji kunya. Kun ga rigar nan? Ita na sa ranar auren ɗiyata. Ku duba yadda ta yi mata kyau, kamar ba ita ba! Ku tafa wa Ubangiji!"

Aka tafa. Mai Shara ta miƙe kamar yadda aka ce, hannuwanta a sake a gefe, idonta a kan bango. Daga nan sai kawuna suka fara juyawa baya, kowa na neman nasa. "Ga wandon maigidana can!" in ji wata, aka bushe da dariya. Wani ya nuna wani yaro da yatsa yana cewa rigar makarantar ɗansa ce. Fasto na zaune a kujerarsa, ya sunkuyar da kai yana share gumi.

Ƙyamar da ta kama Inna Tela ta fi ta ranar buhunan. Ta jawo hannun Mai Shara ta zaunar da ita. Da aka tashi waƙar rufewa, matar ta zare hannunta a hankali, ta bi ta gefen bango ta fita. Mutanen da ke baya suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Kafin a sa albarka, bencinan sun koma yadda suke.

Inna Tela ta tare ƙaninta a harabar yana shirin shiga mota.

"Auta, me kuka yi haka?"

"Yaya, me aka yi? Ai yabo ne. Ba ki ji an tafa mata ba?"

"Yabo? Ni na wanke maka kashi kana yaro. Ka taɓa jin na ɗauki makirufo na ce ka tashi jama'a su ga gindin da na wanke?"

Dikon ya waiga ko wani ya ji. An ji kuwa. Matarsa ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Yaya, ke dai ba a iya miki. Mutum ya yi alheri, kuma ya zama laifi?"

Inna Tela ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Tir," ta kama hanyar gida a ƙafa.

Washegari Mai Shara ta zo wucewa, ta gaishe ta kamar kullum. Inna Tela ta kira ta, ta fara ba ta haƙuri, bakinta na harɗewa, ita da ba ta saba ba.

"Inna, ai ba ke kika yi ba," in ji matar.

"Ni na ce ki zo."

"To, na zo, na gani."

Ta gyara riƙon tsintsiyarta ta wuce. Sai daga baya Inna Tela ta ji daga bakin wani kwandasta da ya kawo gyaran aljihu cewa labarin ya zaga tasha. Yanzu in matar ta zo sharar gindin mota, sai 'yan iskan tasha su riƙa tafi suna cewa, "Rigar Madam, tashi a gan ki!" Wani ɗan matar ma ya yi dambe a kan haka har an fasa masa leɓe. Sunan ya bi ta, bai sake ta ba.

Fasto ya zo shago a tsakiyar makon, ya zauna a bakin benci kamar wanda aka kawo ƙara.

"Mama, na san ya kamata in karɓe makirufon nan."

"Me ya hana ka?"

"Ban so in kunyata matar Dikon a gaban jama'a ba."

"Sai ka zaɓi wadda za a kunyata," in ji ta, ba ta ko ɗaga kai daga keken ba.

Ta so ta kore shi, amma da ta ga yadda wuyansa ya yi tsawo cikin kwala, sai ta tura masa kofin ruwa da gefen hannu. Ba za a ƙi faɗin gaskiya ba, ya je tasha da ƙafarsa ya ba da haƙuri. Suka saurare shi da ladabi, suka ce ba komai, Fasto. Ko mutum ɗaya bai sake zuwa ba.

A taron ƙarshen shekara Dikon ya tashi ya ba da bayanin kwamiti. Ya ce ikilisiya ta yi iyakar ƙoƙarinta, amma mutanen unguwar nan zuciyarsu ta taurare, kaya suka zo karɓa, ba Maganar Allah ba. Kawuna suka riƙa gyaɗawa. Inna Tela ta miƙe ba tare da an ba ta izini ba.

"Ku cire ni daga kwamitin nan," ta ce. "Mutanen nan sun zo, ni na gan su. Sun yi wanka, sun zo da 'ya'yansu, sun zauna inda kuka nuna musu. Ba su suka ƙi mu ba. Kallonmu suka yi da kyau, suka ga abin da muke."

Shugaban taro ya ce a rubuta an ji ra'ayin Mama, a wuce batu na gaba. Batu na gaba shi ne fentin katanga.

Ba ta bar cocin ba. 'Yarta ta yi ta lallashi ta koma tasu, ta ce a'a, ba za ta bar wa su Auta wurin da aka binne rabin rayuwarta ba. Yanzu an daina buɗe babban ɗakin sujada sai da dalili, a ɗakin makarantar Lahadi ake taruwa, don ya ishe su har da saura. Takan zo da wuri, ta yi waƙarta, ta saurari wa'azi, ana cewa amin ta fice ba ta tsaya gaishe-gaishen bakin ƙofa ba. Mai Shara kuwa, in rana ta take, takan zo ta zauna a bencin shago ta huta. Sukan yi hirar ciwon baya da tsadar sabulu da rashin jin 'ya'yan zamani. Zancen coci bai sake shiga tsakaninsu ba.

Auta yakan leƙo gidanta jefi-jefi in maganar dangi ta taso. Takan zuba masa abinci, ta zauna nesa tana warware wani ɗinki. Rannan ya gama ci, ya wanke hannu, ya ce, "Yaya, wai har yanzu fushi kike da mu?"

"Ba fushi ba ne," ta ce. "In na tuna, abinci ne ba ya shiga."

Ya yi 'yar dariya, yana zaton wasa take. Da ya ga ba ta dara ba, sai ya laluɓi makullin motarsa, ya ce zai gaishe mata da mutanen gida.