Sarƙar da Ta Fi Kowace Tsabta a Ƙasar Bukkuyum

Shekarata ta biyu da fara koyarwa a wani ƙauye kusa da Nasarawa Burkullu na sayi babur. Ya zo da ɗan littafi na Turanci mai bayanin yadda ake kula da shi, kuma tun da ni kaɗai ke iya karanta shi a ƙauyen, sai na ɗauka ni kaɗai ne na san babur.

Kowace Asabar da hantsi nakan shimfiɗa buhu a ƙofar gida, in zuba kananzir a kwano, in ɗauko tsohon burushin haƙori. In bi sarƙar gaɓa-gaɓa, in wanke faifai mai haƙora na gaba da na baya, in goge da tsumma. Littafin cewa ya yi a ɗiga mai kaɗan. Ni kuwa na ga ai wanda ya rubuta shi bai san hanyarmu ba, don haka nake lafta giris da yatsa har sai sarƙar ta yi nauyi. Murfin da ke rufe ta kuma na kwance shi na ajiye. Na ce wa mutane don ta sha iska ne. Gaskiyar ita ce, wahalar da nake sha ba ta da amfani in ba a ganin ta.

Mutane kan taru su yi kallo, ni kuma in yi ta bayani kamar ina aji. Har maƙwabcina, wani dattijo mai fataucin fata, bai tsira ba. Babur ɗinsa ya tsufa, murfin sarƙarsa ɗaure da waya, sai ya tuna yake tsoma gashin kaza a baƙin mai ya shafa mata.

"Baba, kashe injin nan za ka yi," na ce masa wata rana.

"Awo, Malam," ya ce. "Mu da ba mu yi boko ba, sai haƙuri."

Bayan girbin kaka, Inna, mahaifiyata, ta zo wurina ta kwana biyu. Za ta wuce suna a Zugu, na ce ba maganar motar kasuwa, ni zan kai ta. Ranar Juma'a na ƙara wa sarƙar giris don girmama tafiyar.

Mun yi nisa kaɗan na fara jin ƙas-ƙas a ƙarƙashina. Da muka shiga yashin wani busasshen rafi, injin ya yi kuka, babur ya tsaya cak. Sarƙa ta zame. Na mayar da ita, muka yi taku kamar ashirin, ta sake zamewa. A karo na huɗu Inna ta sauka ba tare da na ce mata komai ba, ta gyara mayafinta ta tsuguna kusa da ni.

Ta lakato baƙin abin da ke jikin sarƙar, ta murza shi tsakanin yatsunta.

"Mi kaka sa ma ta?"

"Giris ne, Inna. Na kanti."

"Wanga ai rairai na da mai. In da ka ba ni shi, da na darje tukwanena."

Na duba faifan baya da kyau, abin da ban taɓa yi ba duk wankin da nake masa. Haƙoran sun siranta sun lanƙwashe kamar ƙaya. Wata takwas ina tara wa sarƙar yashin hanya, ita kuma tana niƙa kanta da shi.

Muna nan zaune a inuwar wata kanya sai ga ƙarar babur. Maƙwabcina ne, da ƙullin fatu a baya. Ya tsaya ya gaida Inna, ya dubi hannuwana, ya dubi sarƙar, ya kau da kai. Na fi son a ce ya yi dariya. Ya matsar da fatun ya yi wa Inna wuri, ta hau tana toshe hanci da gefen mayafi.

Ni kuwa na tura nawa har Bukkuyum, na isa bayan la'asar. Bakaniken da ke bakin kasuwa ya ji labarin wankin da nake wa sarƙar, ya ɗaga ta ya lanƙwasa ta gefe, ta tafi kamar igiya.

"Ina murhinta?"

"Yana gida."

"Shi ma wanka kaka yi mai?"

Ya sa sabuwa da faifai biyu, ya ɗiga mai kaɗan, ya ce kada in sake zuwa wurinsa sai da murfin.

Bayan mako biyu wata gwaggona da ta halarci sunan ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Mata sun tambayi Inna yaya aka yi ɗanta na da sabon babur amma ta iso tana warin fata. Ta ce musu ai ɗanta malami ne mai tsabta, bai yarda ya hau abinsa ba in akwai ƙasa a hanya, tura shi yake yi. Gwaggon ta ce wasu daga cikinsu har sun yaba.